Roba Biyar a Jirgin Alhazai

Ni malamin fizik ne a lise, wato babbar sakandare, a Magariya, kuma duk wanda ya taɓa zama ajina ya san akwai darasi ɗaya da in na kama shi, ko an kaɗa ƙararrawa ba na ji. Darasin baƙin da ke zuwa mana daga wajen duniya ke nan. Kowane abu da ka sani da zarra aka gina shi, kowace zarra kuma tana da ƙwallo a tsakiya, kamar na magarya. Can nesa, in tauraro ya tsufa ya fashe, sai ya watso waɗannan ƙwallaye tsirara, su zuba gudu kusa da gudun haske. Yawancinsu ƙanana ne, amma jefi-jefi akwai manya masu nauyi, har da ƙwallon ƙarfe, irin ƙarfen da ke bakin hauyarka. Su yi ta tafiya shekaru aru-aru, har wasu su faɗo kanmu. Sai dai manyan ba sa isowa ƙasa. Tun daga ƙololuwar sama suke karo da ƙwallayen iska su tarwatse, ɓarɓashinsu kawai ke iso mana.

Na yi shekaru ina faɗin wannan, ina zana shi da alli, ina ɗaga murya har malamin ajin kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Amma ban taɓa gani ba. Ina jami'a a Yamai, daidai za mu fara irin wannan aikin, mahaifinmu ya rasu, na tattaro na dawo gida na riƙe ƙanne. Ban yi nadama ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Abu ɗaya nake so: in ga sawun ɗaya daga cikin manyan nan da idona, ko sau ɗaya ne, kafin in ajiye alli.

Wani abokin karatuna, wanda shi ya ci gaba har ya sami aiki a ƙasar waje, ya gaji da mitata, ya aiko mini da roba biyar. Falle-falle ne, garai-garai kamar gilashin tabarau, kowace ba ta wuce faɗin kwalin ashana ba. Ya yi mini bayani a salula. In ƙwallo mai nauyi ya ratsa robar, yakan bar rauni siriri da ido ba ya gani. In aka jiƙa ta a ruwan soda mai zafi, sodar ta fi cin wurin raunin, sai ya buɗe ya zama ɗan rami. Gwargwadon nauyin ƙwallon, gwargwadon faɗin ramin. Ƙasa da bangon ɗaki ma suna fitar da nasu ƙananan abubuwa masu yi wa roba tabo, amma su a fuska suke tsayawa. Baƙon sama ne kaɗai ke huda biyar ɗin ya wuce. Don haka dole a haɗa su wuri guda, a ɗaure tam, a kai su sama.

"Mu da balan-balan muke aikawa, wadda ta ninka jirgi tashi," in ji shi. "A jirgin sama sai an yi babbar sa'a. Kada ka sa rai da yawa."

Na ce ya riƙe shawararsa, rai kam na riga na sa. Matsalar dai ni ko ƙofar jirgi ban taɓa gani ba. Ana haka sai ƙannena suka haɗa kai suka sama wa Inna kujerar Makka. Ranar da aka faɗa mini, Allah ya yafe mini, kafin in ce alhamdulillahi robobin nan ne suka fara faɗo mini a rai.

Na zana wa kowace lamba da bakin allura, daga ɗaya zuwa biyar, na huda su a kusurwa biyu na zura waya don kada su goce. Saura kada su ƙarzu a hanya. Sai na yi abin da kowane ɗan garinmu zai yi wa abu mai daraja: na kai wa baduku ya ɗinke su cikin jar fata. Ya kuwa yi aiki mai kyau. Na ɗauka na kai wa Inna.

Inna ba ta kiran sunana, tunda ni ne ɗan fari. "Mushe" take ce mini, kamar yadda 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ke kiran malaminsu, kuma rabi zolaya ce. Ta juya abin a hannu, ta dube ni.

"Mushe, mutane suna ba ni saƙon addu'a, kai kuma mene ne wannan?"

"Inna, ba abin da za ki yi masa. Ki sa shi a jakar hannu, ya hau jirgi, ya dawo. Kada dai a buɗe. Don Allah, Inna, kada a buɗe."

"Ba sai na ba shi abinci ba?"

"A'a."

"To, ya fi ka sauƙin riƙo."

Su Inna sun dawo damina ta sauka, ana noman farko. Gidanmu ya cika maƙil, ana rabon dabino, ana kurɓar zamzam a murfin buta, Inna ta koma Hajiya, tana ta tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Ni kuwa sai shiga nake ina fita kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Kunya ta hana ni tambaya a gaban mutane. Sai da la'asar ta yi, baƙi suka ragu, ta yafito ni, ta kwance bakin mayafinta, ta zuba mini abu a tafin hannu.

Robobi ne tsirara. Ba fata, ba waya. Na ƙirga, huɗu.

Na sake ƙirgawa. Na ce, "Inna! Me na ce miki?"

"Kai, rufe mini baki! Laya ka ɗinka mini, Mushe, kai da iliminka! A Madina, a gaban idona, askarawa suka tsinke wa wata mata tata suka jefa a kwandon shara. 'Yan ɗakinmu suka ce in aka gan ni da wannan, ita ma ta tafi ke nan. Sai na sa reza. Na ga madubai biyar masu lamba, na ce in aka gan su tare za a yi tambaya, ni kuwa ban san amsa ba. Mu biyar ne a ɗakin, sai na ba kowa ɗaya ta riƙe."

Na fice. Na zagaya bayan gida ina huci, ina magana ni kaɗai, har wata akuya ta daina kiwo ta tsaya kallona. Haushin ya fi yawa don na san gaskiyarta ce: duk wanda ya ga jar fatar nan laya zai ce, kuma ni da ƙafata na je wurin baduku. Ina cikin zagayen sai wani abu ya faɗo mini. Na dawo a guje har ina tuntuɓe da turmi.

"Inna, yaushe kika buɗe? Kafin jirgi ko bayan jirgi?"

"Bayan mun sauka mana. A jirgi wa ke da reza?"

Wayyo daɗi! Ke nan a tafiyar zuwa suna haɗe, a ɗaure, yadda ake so. In wani abu ya ratsa su a lokacin, sawunsa na nan. Na rungume Inna har ta ce zan ƙarasa ta. Sannan na duba lambobin: ɗaya, biyu, huɗu, biyar. Ta uku, ta tsakiya, tana hannun wata tsohuwa daga wajen Dogo-Dogo, wadda zazzaɓi ya kwantar a can aka mayar da ita jirgin baya.

Ban iya jira ba. Matata tana yin sabulu, don haka soda ba ta yanke mana. Na auna, na dama, na kawo ma'aunin zafi daga lakwal, na kafa tukunya a kan gawayi, na wuni ina fifita ina janye wuta don kada zafin ya hau ko ya sauka. Matata ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin na tsaya kan tukunya ba sai yau, kuma wadda ba a ci. Da na wanke robobin sun yi ɗan hazo-hazo, ido bai ga komai ba.

Mai awon jini a asibitin garinmu tsohon ɗalibina ne. Ya ce in riƙa zuwa da yamma, in marasa lafiya sun ragu, ya bar mini madubin da yake duba jinin masu zazzaɓi. Ranar farko da na ɗora ido, na ƙwala salati har ya zabura. Ramuka ne birjik, kamar yayyafi ya sauka a kan rairayi. Ya ce, "Mushe, ka samu?" Na ce, "Tukuna, waɗannan 'yan gida ne." A fuska kawai suke; in na murɗa madubin na nutsa zuwa bayan robar, ba komai. Haka na yi ta bi layi-layi, kwana da kwanaki, idona na ruwa, wuyana ya sage. Wani lokaci in ga wani ya huda ta ɗaya, in duba ta biyu, wayam. Na fara jin muryar abokina a kunne, ina ƙara jin haushinsa.

Ran nan, kusa da gefen roba ta ɗaya, sai ga shi. Baƙi ƙirin, kewayayye, ya fi duk na kusa da shi girma nesa ba kusa ba. Na nutsa zuwa bayan robar, ga ɗan'uwansa, ya ɗan gusa gefe. Na ɗora ta biyu, na kai madubin inda ya kamata ya ɓullo. Yana nan! Girman ɗaya, karkatar ɗaya! Na miƙe tsaye, na zauna, na sake miƙewa. Na ce wa ɗalibina ya zo ya duba ya gaya mini ko idona ne ke yi mini gizo. Ya duba ya ce, "Mushe, wallahi ga shi nan, kamar an ɗiga tawada."

Na ɗora ta huɗu, na ƙiyasta inda zai fito. Babban ramin ba ya nan. A gurbinsa ramuka biyu ne ƙanana, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. A ta biyar ma su biyun, sun ɗan ƙara rabuwa. Na fita waje na kira abokina, ina magana kalmomi na hawa kan juna. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce, "Ko dai ƙwallon ya yi karo da wani ƙwallo a cikin roba ta uku ya rabe biyu, wanda mu kanmu sai mu daɗe muna nema, ko kuma wasu baƙi ne daban suka faɗo kusa da wurin a tafiyar dawowa. In ba ta uku, labari ne kawai kake da shi."

Labari! Ai labarin ne na gaji da shi. Washegari na hau babur na nufi Dogo-Dogo, don an ce jirgin baya ya iso. Hanya duk taɓo, sau biyu ina sauka ina turawa. Na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan, can bayan gari, ga shanu a turke, ga gero ya kai gwiwa. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ta rame da jinya, tana zaune a tabarma da carbi. Na durƙusa na yi gaisuwa, na yi barka da sauka, na tambayi jiki, duk ina danne zuciyata. Sannan na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni.

"Yana nan," ta ce. "Lafiyarsa ƙalau."

"Alhamdulillahi! To, Hajiya, a ba ni in koma kafin hadari ya haɗu."

"A'a, ɗan nan. Amana ce. Hannun da ya ba ni shi zan mayar wa."

"Hajiya, ni ne ɗanta. Ɗan fari. Kayan ma nawa ne!"

"Ban musa ba. Amma ba kai ka ba ni ba."

Na ji kaina ya ɗau zafi. Na ciro salula na kira Inna, na miƙa mata. Suka gaisa, suka gaisa, suka tambayi 'yan ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya, suka yi dariyar wata mai minshari, ina tsugune ina jin Inna na cewa, "Ki ba shi, ki ba shi, kafin ya haukace." Tsohuwar ta miƙo mini salular tana murmushi.

"Muryarta ce kam. Amma murya ba ta da hannu."

Haba! Na roƙa, na yi bayanin taurari, na zana mata a ƙasa da tsinke. Ta saurara tsaf, ta ce ikon Allah, ko gezau. Ta sa aka dama mini fura da nonon da aka tatsa a gidan. Na sha ina fushi, kuma furar ta yi daɗi, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Ruwa ya kama ni a hanya, na iso gida sharkaf.

Ban iya buɗe baki na ce wa Inna ta tashi ba. Tari bai sake ta ba, gwiwoyinta sun kumbura tun ɗawafi, kuma ba ta gama karɓar masu barka ba. Na kwana biyu ina zuwa gaishe ta ina zancen gona. A na ukun ta katse ni.

"Mushe, fuskar nan taka ta ishe ni. Ni na raba, ni zan tara. Nemo mana mota."

Na ce a'a, sau ɗaya, a hankali, yadda ba za ta ɗauka da gaske ba. Muka shiga motar haya zuwa Dungas da ke kan hanya, na sama mata kujerar gaba. Daga can muka hau amalanken shanu, tana riƙe da kafaɗata, duk ramin da muka faɗa sai ta ce, "Allah ya shirye ka, kai da taurarinka."

Da tsofaffin nan biyu suka ga juna sai suka rungume, suna kuka suna dariya. Na koma gefe na zauna. Sai da aka ci aka sha, sannan Hajiyar gidan ta shiga ɗaki ta fito da wani farin ƙunshi, ta ajiye a tabarma. Tun kafin ta kwance na gane ko mene ne. Likkafaninta ne, wanda ta wanko da zamzam ta zo da shi. Ta yi bismilla, ta warware shi ninki bayan ninki. A can tsakiya ga robata, an naɗe ta da auduga.

"Na ce nan ne kaɗai ba mai taɓawa," ta ce wa Inna. "Da zazzaɓin nan ya tsananta na ɗauka tafiya ce. Na ce in na riga ki, masu yi mini sutura za su gani, na kuma gaya musu ta wace ce."

Ta ɗora ta a tafin Inna, ta rufe da hannunta biyu. Sannan Inna ta juyo ta miƙo mini. Kunyar fushin da na yi a gidan nan ta rufe ni, na kasa ɗaga kai. Na duba robar ta gefen ido, ko ƙwarzane babu.

Na sake kafa tukunya, soda iri ɗaya, zafi iri ɗaya, wuni guda. Ranar da zan kai ta asibiti Inna ta ɗauki mayafi. Ta ce abin da ya hau da ita amalanke sai ta gan shi. Ɗalibina ya ba ta kujera, ni kuma na zauna gaban madubin. Na san daidai inda zan duba, amma sai na tsaya ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, don tsoro nake ji. In babu fa?

Na ɗora ido. A fuskar sama, daidai wurin, ga babban ramin, baƙi, kewayayye, yadda na bar shi a ta biyu. Na riƙe numfashi, na fara murɗawa a hankali, ina nutsawa cikin robar. Ramin ya dushe. Hazo. Hazo. Sai bayan robar ya fara fitowa.

Biyu! Ramuka biyu, har suna taɓa juna!

Ya shiga shi ɗaya, ya fito su biyu. A cikin wannan ɗan fallen, wanda kaurinsa bai wuce na fatar takalmi ba, ƙwallon da ya taso daga wani tauraro ya yi karo ya rabe. Na yi ihu. Ban san me na ce ba. Ɗalibina ya ce kabbara na yi ta yi, har wata ungozoma ta leƙo ta ɗauka wani ne ya suma. Na koma na sake duba sama, ɗaya. Ƙasa, biyu. Sama, ɗaya. Sai na daina gani, don hawaye sun cika mini ido, kuma ban damu da wa ke kallo ba. Farin cikin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar aurena, matata ta yi haƙuri.

"To matsa in gani," in ji Inna.

Na nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya. Ta daɗe a sunkuye.

"Ɗigo biyu nake gani, kamar ƙwayar gero. Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Inna."

"Kuma ka ce ya huda biyar ɗin ya wuce?"

"Ya wuce."

"Ya tafi ina?"

"Ya ratsa duk abin da ke kusa. Jakarki, kujerar jirgin, ya yi gaba."

Ta ɗago, ta dube ni wani iri.

"Ai ban sa shi a jaka ba. Na ji tsoron a raba ni da jakar. Zare na zura masa na rataya a wuya, ƙarƙashin hijabi. Nan." Ta ɗora hannu a ƙirjinta. "Ke nan ta jikina ya bi?"

Ko ta gaba ya shigo ko ta baya, babu makawa ta jikinta ya bi. Abin da na yi rabin rayuwata ina nema a sama, a ƙirjin Inna ya zo ya fashe. Da ƙyar na ɗaga mata kai.

Ta shafa wurin a hankali, ta girgiza kai.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni kuwa barcina nake ta yi."